A daure ko a ɗaure?

Wata Juma'a da daddare, bayan an idar da sallar isha, maƙwabciyata ta turo jikanta ya kira ni. Dattijuwa ce mutuniyar wajen Kaltungo, ta fi shekara talatin tana zaune a cikin garin Gombe. Na same ta a tsakar gida riƙe da waya, idanunta sun yi ja. Autanta da ke aikin gini a wani gari ya samu saɓani da mai aikin a kan kuɗin leburori, har magana ta kai wani ofishi, yayansa ya bi sawu. To shi yayan ne ya turo saƙo. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Malam, duba mini, ko idona ne." Ga abin da ke rubuce: "Munje ofishin sunce a daure zuwa litinin."

Ita dai abin da ta karanta, an ce a ɗaure yaron har Litinin. Har ta fara lissafin akuyar da za ta sayar ta yi kuɗin mota da na beli. Na ce, "Mama, dakata mu kira shi." Waya a kashe, caji ya ƙare. Sai da hantsi washegari aka same shi. Ashe cewa aka yi a daure, a yi haƙuri, mai sa hannu a takardar ba ya nan sai Litinin. Yaron yana ɗakinsa yana sharar barci a daren da uwarsa ta kwana zaune.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni ma da na karanta saƙon ban iya yanke hukunci ba, alhali koyar da Hausa ce sana'ata. Duk karatun biyu sun zauna daram a cikin jimlar. Tun daga ranar na daina yarda da maganar nan da ake yawan jefo mini idan na yi wa wani gyara, wai "ai ana ganewa". Wa yake ganewa? Wanda ya rubuta, shi kam ya gane, tunda ya san abin da ke cikinsa. Mai karatu kuwa lalube yake yi, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kwana yana kuka.

Ana yawan cakuɗa abubuwa biyu a wannan batu, gara a raba su. Akwai kalmomin da ko ka bi ƙa'idar rubutu sau da ƙafa, kamanninsu ɗaya ne a takarda. Garin da muke zaune a ciki da garin tuwo. Gadon kwanciya da gadon da ake rabawa bayan mamaci. Wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da aka ce ba ta kisa. Kukan jariri da kukar miya. A baki ba ɗaya suke ba. Faɗi gari na zama, sannan ka faɗi gari na tuwo, za ka ji a na biyun ka ja wasalin farko. Wannan shi ne tsawon wasali. Faɗi kuka na hawaye, sannan kuka ta bishiya, za ka ji a na farkon murya ta tsaya a sama, a na biyun ta sauka a gaɓar ƙarshe. Wannan shi ne karin sauti. Hausa tana da na sama, da na ƙasa, da mai faɗowa, irin wanda ya raba kai na jiki da kai na "kai nake kira". Dubi "mata" kaɗai: matan unguwa, matar mutum, da "na faɗa mata". Kalma uku, furuci uku, rubutu ɗaya. Ko sunan unguwar Jekadafari, baƙon da ya fara ganinsa a allo ba tare da ya ji an faɗa ba yana da damar tambaya wane fari ake nufi, na launi, ko na rashin ruwan sama, ko na "tun da fari".

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Ba mantuwa aka yi ba, zaɓi ne. Manyan ƙamusoshi, tun daga na Bargery da ya fito a 1934, suna nuna su, amma jarida da littafin karatu da wasiƙa an bar su haka. Yarbawa sun bi wata hanyar, suna ɗora alama a kan wasali, kuma harshensu ya fi namu bukatar hakan. Ni ina ganin waɗanda suka tsara mana namu sun yi daidai. Da wuya jimla ta bar ka cikin duhu a kan gari ko gado, domin ba a niƙa birni a inji, ba a kuma shimfiɗa katifa a kan gonar da aka gada.

Akwai ma waɗanda ko a baki ɗaya suke, ma'ana ce kawai ta yi rassa. Yaji na barkono, yajin da mace ke yi zuwa gidan iyayenta, yajin aikin malaman jami'a. Kurar daji da kurar da mai ruwa ke turawa a Bolari. Ko kalmar "ci": an ci tuwo, an ci jarrabawa, an ci zaɓe, an ci bashi, an ci amana, an ci kasuwa. Masana suna kiran maganar da ke ɗaukar fassara biyu harshen damo, saboda harshen damo a rabe yake gida biyu. Wannan ba cuta ba ce a harshe. Da shi ake habaici, da shi ake kacici-kacici, da shi tsofaffi ke zance a gaban yara ba tare da yaran sun ɗago ba. Wanda ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, da gangan ya yi wasa da cin nan biyu. Ba ni da rigima da wannan, dukiya ce.

Rigimata tana kan kashi na biyu, wato tagwayen da ba harshe ne ya haife su ba, mu muka ƙirƙire su da yatsunmu. Daure da ɗaure ba su taɓa zama kalma ɗaya ba, ko a baki ko a takarda. Harafi daban ne ya fara kowacce. Mu ne muka yar da ƙugiyar, wato 'yar lanƙwasar da ke kan ɗ da ɓ da ƙ, sannan muka dawo muna cewa Hausa tana da rikitarwa. Haka kare da ƙare, kaya da ƙaya, kura da ƙura, bari da ɓari, sako da saƙo, kishi da ƙishi. Mutum ya rubuta yana fama da kishi alhali ruwa yake nema.

Kuma abin ba ya tsayawa a biyu, ninkawa yake yi. Baƙi da ƙugiyarsa ma ya riga ya ɗauki kaya: baƙin launi, baƙin da suka sauka a gida, baƙin da ake rubutawa. Ka cire ƙugiyar, ka ƙara masa bakin cin abinci. Kasa tana nufin gazawa, tana nufin macijin nan mai kumburi, tana nufin jera tumatir kashi-kashi a kasuwa. Sai ka kwaso ƙasa ta Najeriya, da ƙasa ta gini, da ƙasa kishiyar sama, ka zuba su duka a tukunya ɗaya. Faɗa na dambe, faɗa na magana, faɗa na rijiya, duk sai su tare a fada wajen Sarki. Na taɓa ganin an rubuta "fada ta hana fada", sai da na karanta sau biyu.

Ga kuma ɗan'uwan wannan ciwo, haɗa kalmomin da ya kamata a raba. Ya ji ya koma yaji. Ta fi ta koma tafi. Ga shi ya koma gashi. Da wa ya koma dawa. Idan ciwon biyu suka haɗu a kalma ɗaya, nan ne ake yin ɓarna. Manomi a Kumo ya ga "taki zuwa gobe", shin takin zamani ne zai iso gobe, ko wata ce ta ƙi zuwa? Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne "ya bata kudin". Ko dai ya ba ta kuɗin, amana ta isa inda aka aike ta, ko ya ɓata kuɗin, amana ta salwanta. Jimlar da za ta wanke mutum ita ce kuma za ta shafa masa kashin kaji. Irin wannan saƙo yana yawo kullum tsakanin miji da mata, tsakanin ɗan kasuwa a Tudun Hatsi da yaronsa, tsakanin masu adashi. Zumunci nawa ya yi tsami a kan irinsa kafin a kira waya a warware?

Dalilin da ya sa nake ganin mu mutanen Gombe ya kamata mu fi kowa damuwa shi ne waɗanda ke karanta rubutunmu. Bakano ko Bakatsine da ya sha Hausa a nono yana da kunnen da ke cike masa gurbi. Idonsa yana ganin "kasa", kunnensa yana jin ƙasa. Mu kuwa jiharmu, tun da aka cire ta daga Bauchi a 1996, taron harsuna ce: Fulatanci, Tangale, Tera, Waja, Bolanci, Tula, Cham da sauransu. Hausa ce igiyar da ta ɗaure mu a kasuwa da tasha da asibiti da masallaci da coci, amma ga ɗimbin jama'a harshe na biyu ce ko na uku. Fulatanci yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ, shi ya sa za ka ji dattijon Bafulatani ya ce kasa yana nufin ƙasa, kuma babu aibi a cikin hakan, haka harshensa ya saba. To yaron da ya tashi yana jin "kasa" a unguwa, ya je makaranta ya ga "kasa" a allo, ya buɗe waya ya ga "kasa", a ina zai san cewa kalmomi biyu ne? Rubutu ne kaɗai malamin da ya rage masa, shi ma mun toshe masa baki. Ina ganin wannan a aji kowace shekara. Yarinya mai ƙoƙari ta tashi karatu, ta iso kan "kura ta tashi", ta tsaya tana kallona. Ba daƙiƙiya ba ce. Takardar da aka ba ta ce ta ci amanarta.

Don haka idan mai ilimi ya ce ana ganewa, abin da yake faɗa a zahiri shi ne, ni da irina muna ganewa. Ya sauke wa kansa ɗan nauyin danna harafi, ya ɗora shi a kan wanda ya fi shi rauni a karatu: tsohuwa, ɗan aji biyu, magidancin da ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, da wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce. Wannan rashin adalci ne, ko da ba da niyya aka yi ba.

A da akwai uzuri, kuma ya kamata a faɗe shi. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko sun sha fama da waɗannan sautuka. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, kuma a wancan zamani da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko ɗan waƙafi a gefensa ake nuna bambancin. Sai a shekarun 1930, zamanin Rupert East a hukumar talifi ta Zariya, aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya da muke amfani da su yau. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, kuma ku lura da sunanta: Ta Fi, a rabe, ba Tafi ba. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa, aka ci gaba da tace ƙa'idojin. Amma tafireta ta ofis ba ta da ƙugiya. Akawu mai kula sai ya gama bugawa ya bi da biro yana lanƙwasa kan kowace k da d da b, wanda bai damu ba ya bar su haka. Da wayar hannu ta zo, saƙon tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka, kuma ko a wayar da ta san ɗ, da ka saka ta sai adadin ya faɗo zuwa 70, kuɗinka ya ninka. Mutane suka koyi matse kalmomi don tsimin kati. Wannan duk gaskiya ne.

Amma yau fa? WhatsApp ba ya ƙirga maka harafi. Allon rubutu na Gboard da ke kan yawancin wayoyinmu yana da Hausa a cikin jerin harsunansa, kyauta. Kwamfutar da ake buga katin biki da fosta da ita ta san ɓ da ɗ da ƙ. Uzurin ya tafi, ɗabi'ar ta zauna. Abin da ya fi ba ni takaici, mutumin da zai ji kunya ya rubuta Turanci da kuskuren harafi ɗaya, har ya goge ya sake, shi ne zai watsa Hausa yadda ta zo masa. A nan ne nake ganin asalin ciwon: raini. Mun ɗauka harshenmu bai kai a yi masa wahala ba.

Ban ce a bi samari da bulala a kan hirarsu ta dare ba. Amma akwai rubutun da ke ɗauke da rai, ko kuɗi, ko aure, ko shari'a, ko sunan hukuma, kuma wannan ba shi da hujjar sakaci. Na taɓa shiga wani asibiti na ga allo an rubuta "Sashen Kashi". Mai karaya da wanda aka aiko gwajin bayan gida duk suna da hujjar tsayawa a ƙofar nan. Lokacin zaɓe kuwa, ka bi titi ka ga fosta ta miliyoyin naira tana cewa "Ku zabi wane". Zabi jam'in zabo ne. Mai neman ƙuri'a ya kira masu ƙuri'ar tsuntsaye da manyan baƙaƙe, kuma a cikin duk waɗanda fostar ta bi ta hannunsu ba a samu mai cewa a gyara ba. Wanda bai iya kula da harafi ɗaya a takardar da ke ɗauke da hotonsa ba, ina da damar in yi tunani a kan yadda zai kula da abin da ba hotonsa a kai.

A irin wannan rubutu ma ƙugiya kaɗai ba ta isa, domin akwai wani tarko da karin sauti ya ɗana a cikin nahawu kansa. "Ta sha biyu da safe." Idan ka ja "ta" da murya a sama, labari ne, ta riga ta sha. Idan ka gajarta ta da murya a ƙasa, umarni ne, ana so ta sha. A takarda ɗaya suke. Ka ɗauka ma'aikaciyar jinya ce ta bar wa mai zaman jinya wannan rubutu. Kuskuren karatu a nan yana nufin a ba mara lafiya magani sau biyu, ko a hana ta gaba ɗaya. Babu alamar da za ta cece ka, sai dai marubuci ya san tarkon ya kauce masa da kalmomi: "ta riga ta sha", ko "a ba ta biyu da safe". Wannan shi ne aikin mai rubutu, ya karanta abin da ya rubuta da idon wanda bai san zancen ba, ya tambayi kansa ko akwai wata hanyar da za a fahimce shi. Da yayan yaron nan ya rubuta "a yi haƙuri zuwa Litinin", da uwarsa ta yi barci.

Akwai wuri guda da nake ganin ya kamata mu wuce ƙa'idar yau da kullum, wato littattafan koyon karatu na aji ɗaya da aji biyu. Misalin yana gabanmu tun kaka da kakanni. Balarabe yana karanta jarida ba wasali, amma Alƙur'ani da littafin yara cike suke da wasulla, saboda a ɗaya kuskure yana da tsada, a ɗayan kuma mai karatun bai ƙware ba. A makarantar allo ma sai yaro ya yi babbaƙu ya yi farfaru kafin a sake shi. Ajaminmu yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya. Maƙwabtanmu kuma 'yan'uwanmu Fulani, tun bayan taron daidaita rubutun harsuna da aka yi a Bamako a 1966, suna ninka wasali idan dogo ne, shi ya sa ake rubuta pulaaku da laamiiɗo. Me zai hana littafin farko na yaro ya nuna masa da 'yar alama cewa garin tuwo dogo ne, garin zama gajere, har kunnensa ya kama, sannan a janye alamar a aji uku? Ga yaron Billiri ko Dukku da ke shiga Hausa daga wani harshe, wannan ba ado ba ne, sanda ce ta dogarawa. Muna da Jami'ar Jihar Gombe, muna da ta tarayya a Kashere, muna da kwalejojin horar da malamai a Gombe da Billiri. Aikin gwada irin wannan littafi a makarantu kaɗan a ga sakamako bai fi ƙarfinsu ba.

Sauran kuwa ba ya bukatar kasafin kuɗi. Kowace ma'aikata da ke fitar da sanarwa da Hausa ta sa wanda ya san ƙa'ida ya duba kafin a kai wa mai bugawa, ga malaman Hausa nan birjik a sakandare. Masu shagunan buga takardu su riƙa tambayar mai aiki abin da yake nufi. Masu rubuta wa gidajen rediyo labarai su tausaya wa mai karantawa, wanda ke cin karo da "kara" a tsakiyar jimla kai tsaye, dole ya zaɓa cikin ƙiftawar ido ko karan dawa ne, ko ƙarar kotu, ko ƙarin farashi. Allon da ke kan hanyar Daɗin Kowa ma ya cancanci ƙugiyarsa. Kuma a tuna, na'urorin fassara da masu karanta rubutu da murya daga abin da muke zubawa a intanet suke koyon Hausa. Makahon da wayarsa ke karanta masa saƙo, abin da muka rubuta za ta furta masa, ba abin da muke nufi ba.

Da yayan yaron ya dawo gida bayan sati biyu, na tare shi a ƙofar gida. Ban yi masa faɗa ba, ya riga ya sha na uwarsa. Ya ce, "Wallahi Malam, wayata ba ta da irin wannan harafin." Na ce ya kawo. Muka shiga wajen saitin harsuna, muka ƙara Hausa, abin bai kai minti biyu ba. Na ce ya rubuta ɗaure. Ya rubuta, ya tsaya yana kallon ƙugiyar a kan allon. Shekararsa biyu da sayen wayar.